Litattafan Enid Blyton da ire-irensu: ta ina za ka fara, wane bugu za ka saya

Kuskurena na farko shi ne na sayi littafi don bangonsa. Ranar wata Asabar ce, ana yayyafi, na faɗa wani shagon gwanjo na masu aikin agaji a garin da muke zaune a Ingila don in fake. Can ƙasan kanta na hango shi: yara huɗu da kare, zane irin na da, ga sa hannun Enid Blyton rangaɗau a sama. Fam ɗaya na biya, na cusa a aljihun kwat, na kawo wa 'yata, lokacin tana da shekara takwas. Da dare muka buɗe. Ban gama shafi na biyu ba na gane ai yaran nan sun zama manya, gardama suke ta yi kan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Ashe littafin barkwanci ne na manya, cikin waɗanda wani marubuci mai suna Bruno Vincent ya fara fitarwa a 2016, aka yi musu bango sak irin na asali. Akwai ma wanda a cikinsa suke fama da barin shan giya, Allah ya rufa mini asiri ba shi na ɗauko ba. 'Yata ta ce, "Baba, wai ina ɓarayin?" Na ce mata sai gobe.

Tun daga ranar na shiga harkar da gaske. Yanzu akwai sama da sittin a kantar ɗakin yara, wasu sun sha tef, kuma na karanta kusan rabinsu da ƙarfi, sau biyu, domin ƙanenta ya taso ya ce shi ma sai an yi masa. Abin da zan faɗa a nan na uba ne ko uwa ko kawu da ke da yaro tsakanin shekara bakwai da goma sha biyu, wanda ya fara iya karanta Turanci amma bai taɓa cinye littafi da kansa don daɗi ba. Shawarata a dunƙule ita ce, kada ka shiga ta ƙofar da ta fi suna, kuma litattafai biyu na farko kai za ka zauna ka karanta tare da shi.

Ita Blyton an haife ta a Landan a 1897, ta rasu a 1968. Malamar makaranta ce kafin rubutu ya ɗauke ta. Ta rubuta litattafai wajen ɗari bakwai, da tafireta a kan cinya, kuma ana ƙiyasta an sayar da sama da kwafi miliyan 600. Wanda ya yi rubutu da wannan yawa dole ya maimaita kansa, ta kuwa maimaita. Shi ya sa zaɓe yake da muhimmanci. Cikin na bincike da na kasada, jeri huɗu ne za ka riƙa cin karo da su.

Mafi sauƙi shi ne Secret Seven, guda 15, daga 1949 zuwa 1963. Yara bakwai ne masu ƙungiya, suna taruwa a ɗan ɗakin ajiya da ke ƙarshen lambun gidan su Peter da Janet, kowa da bajonsa, kuma ba ka shiga sai ka faɗi kalmar sirri. Ba sa nisa da gida. Gajeru ne, ɗan shekara bakwai zai iya da su. Kai babba za su gundure ka, kuma Peter ɗin nan ɗan mulkin mallaka ne, da tsawa yake tafiyar da taro. Wadda ta fi su duka wayo ita ce Susie, 'yar uwar Jack, wadda suka hana shiga. Biyu ko uku sun isa, a wuce gaba.

Inda nake so ka fara, in yaron ya kai takwas, shi ne jerin da ake kira Five Find-Outers, wanda kowane suna a cikinsa ke farawa da The Mystery of. Su ma 15 ne, daga 1943 zuwa 1961. Dalilina shi ne su kaɗai ne litattafan bincike na ainihi a cikin duk abin da matar nan ta rubuta. A sauran, yara na tafiya ne kawai sai ƙafar wani ta zurma a rami, sai ga hanyar ƙarƙashin ƙasa, sai ga ɓarayi. Sa'a ce zalla. A nan kuwa laifi ake yi a ƙauye ɗaya, Peterswood, wanda ta ɗauko siffarsa daga Bourne End da ke gaɓar kogin Thames inda ta taɓa zama, sannan yaran su zauna su rubuta alamun da suka samu da sunayen waɗanda suke zargi, su bi su ɗaya bayan ɗaya suna tambayar ina kowa yake lokacin da abin ya faru. A na farko, The Mystery of the Burnt Cottage, an ƙona ɗakin aikin wani mutum. Abin da ke hannunsu sawun takalmi ne da ɗan ƙyallen da ya maƙale a ƙaya, da mutum huɗu da kowannensu ke da abin ɓoyewa. Abin da ya tona asirin mai laifin wata magana ce da ta suɓuce masa, kuma an ajiye ta a fili, mai karatu mai lura zai iya cafke ta kafin yaran. 'Yata ba ta cafke ba, ni ma haka, amma da muka koma baya muka gan ta a zaune sai ta buga filo don haushi. Wannan haushin shi ake nema. Yaron da ya ji shi sau ɗaya zai fara karatu da ido biyu.

Ga kuma Fatty. Sunansa Frederick Algernon Trotteville, haruffan farko suka ba da laƙabin, jikinsa kuma ya tabbatar. Ɗan fankama ne, ga kuɗin kashewa, ga cika baki, abin haushin kuma duk abin da ya ce zai iya yana iyawa. Gwanin ɓad da kama ne: yau tsohuwa mai sayar da balan-balan, gobe yaron aike. Sai a littafi na uku ya karɓi shugabanci daga hannun Larry, babban cikinsu. Abokin karawarsu ɗan sandan ƙauyen ne, Mista Goon, mai keke da tumbi, wanda kullum korarsu yake yi, karen Fatty, Buster, kuma ba ya ganin idon sawunsa ya ƙyale. 'Yar autarsu Bets, mai shekara takwas, ita ake rainawa, ita ce kuma sau da yawa ke faɗin abin da ya buɗe wa Fatty kai. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Waɗannan litattafan gaba ɗaya a kan kishiyar haka aka gina su, shi ya sa yara ke mutuwar son su. Bi su a jere, aƙalla bakwai na farko. Na ƙarshe, na 1961, ka bar shi sai in yaro ya nace. Lokacin lafiyarta ta fara ja baya, mantuwa ta fara kama ta, kuma ana gani a rubutun.

Sai mashahurin, Famous Five: guda 21, daga Five on a Treasure Island na 1942 zuwa Five Are Together Again na 1963. Julian da Dick da Anne 'yan gida ɗaya ne, George 'yar baffansu ce, na biyar kuma karenta ne, Timmy. Na farkon lallai a fara da shi, domin a nan ne ake haɗuwa da George, yarinyar da ta yanke gashinta, ta ce duk wanda ya kira ta Georgina ba za ta amsa ba, ga tsibiri nata na kanta mai kufan fada a kai, ga kare da take ɓoyewa a wajen wani yaro masunci saboda ubanta ya hana. Guguwa ta taso da wani tsohon jirgi daga ƙasan teku, a ciki aka sami akwati, a akwatin taswira. Daga nan zuwa na shida duk suna da kyau, ni na fi son na huɗu, Five Go to Smuggler's Top, mai gida a kan tudu tsakiyar fadama da 'yan fasa-ƙwauri. Bayan na shida ba sai ka bi jere ba, don ba abin da ke canzawa. Julian ya fara da shekara 12, kuma in ka ƙirga hutun makarantar da suka ci a littafi 21, da ya isa ya aje iyali, amma har aka gama bai fara aske gemu ba.

Na huɗu shi ne jerin Adventure, guda takwas kacal, 1944 zuwa 1955, kuma su suka fi tsawo da ban tsoro. Ajiye su sai yaro ya kai goma. Yara huɗu ne da aku mai suna Kiki, wadda ke kwaikwayon kukan jirgin ƙasa, tana yi wa manya tsawa su rufe ƙofa. The Valley of Adventure na 1947, inda suka hau jirgin saman da ba nasu ba cikin dare suka farka a wani kwari da ba kowa a Ostiriya, shi ne littafin da ya sa ɗana ya karanta a ƙarƙashin bargo da tocila. Na gan shi, na yi kamar ban gani ba.

In ka ga Hardy Boys ko Nancy Drew a kanta ɗaya da waɗannan, na Amurka ne, na samari masu tuƙa mota, kuma marubuta da yawa ne suka rubuta su a ƙarƙashin sunan aro. Wani gida ne daban.

Yanzu batun bugu, inda ake yawan tafka asara. Littafi ɗaya, suna ɗaya, amma rubutun ciki kan bambanta gwargwadon shekarar da aka buga. Kada ka saya sai ka buɗe bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafin, inda ake rubuta shekarar bugun farko da ta wanda ke hannunka. Na asali masu bango mai tauri ne, na Famous Five galibi ja, na kamfanin Hodder & Stoughton, da zanen Eileen Soper a ciki. In rigar takardar da ke lulluɓe da bangon tana nan, duba kusurwar cikinta ta ƙasa. Farashi irin 7/6 na nufin sule bakwai da sisi, wato an buga shi kafin 1971. In ba ka ga lambar ISBN ko'ina ba, shi ma alama ce ya girmi 1970 ko wajejen nan. Bugun farko mai riga na masu tara kayan tarihi ne, tsadarsa ba ta mai karanta wa yara ba ce. Bugu na goma ko na sha biyar da ya rasa rigarsa kuwa, sau da yawa fam biyu ko uku na biya, kuma ɗinkinsa ya fi na yanzu ƙarko nesa ba kusa ba.

Daga shekarun 1960 aka shiga fitar da masu bangon takarda, na mabuga irin su Knight, Armada da Dragon. A na Knight an sake zanen, Betty Maxey ta sa wa yaran tufafin zamaninta, wasu kuma an liƙa musu hotunan shirin talabijin na 1978. Matsalarsu gam ne. Buɗe tsakiyar littafin a hankali, in ka ji ƙas, mayar da shi, domin kafin yaro ya kai babi na biyar shafuka za su fara zubowa kamar ganye. A irin waɗannan bugun ne aka fara taɓa rubutun, ana mayar da tsohon kuɗi sabo, ana sauya kalmomin da ma'anarsu ta juya. Babban gyara shi ne na 2010, lokacin da Hodder suka zamanantar da harshen Famous Five, har yadda yaran ke kiran iyayensu aka sauya. Bai karɓu ba. A 2016 suka janye shi, suka koma kan rubutun da ake bugawa kafin nan, wanda shi ma ba na 1942 ba ne tsantsa. Hanyar gwaji mai sauri: nemi inda ake sayen wani abu. In sule aka biya, tsohon rubutu ne.

Sai ka kula da 'yan kama-da-wane. Ban da na barkwancin da ya kama ni, akwai waɗanda wata Bafaranshiya ta rubuta da sunan Claude Voilier daga 1971, Anthea Bell ta mayar da da yawansu Turanci a shekarun 1980. Sunan Blyton na nan ɓaro-ɓaro a bango, amma ba ita ba ce. Na asali duka 21 da kalmar Five suke farawa, na Faransan kuwa galibi da The Famous Five. Shafin ciki ba ya ƙarya, shi za ka duba.

To wanne za ka saya? In kai za ka karanta da ƙarfi, tsohon rubutu, don yana da ɗanɗanon zamaninsa kuma kana nan za ka yi bayani. In yaro zai shige ɗaki da shi shi kaɗai, sabon bugun da ke shago yanzu. Dalilin wannan rabe-raben zan zo gare shi.

Kafin babi na farko akwai abubuwan da in ka warware su a minti biyar za su hutar da kai tambaya ɗari. Kuɗi: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wato kwabo 240 a fam, har zuwa 15 ga Fabrairu 1971 da Birtaniya ta koma lissafin ɗari. A nan mu ne da riba, domin harshenmu na da sunan kusan kowane tsaba. Abin da littafin ya kira sixpence sisi ne, threepence taro ne, half a crown kuma sule biyu da sisi. Yaran Turawan yanzu sai an yi musu dogon bayani, nawa kuwa ina cewa sisi suka ce ashe daga nan "ba ni da ko sisi" ta fito. Makaranta: yawancin yaran nan 'yan makarantar kwana ne, shi ya sa kowane labari ke farawa da ranar hutu, na Ista ko na bazara ko na Kirsimeti. Gidajensu kuma na masu hali ne, da kuku da mai aikin lambu.

Abinci kuwa sai an yi haƙuri, don ba a yin shafi goma ba a shimfiɗa ci ba: dafaffen ƙwai, tumatir, burodi sabon gashi, kek, gwangwanin abarba. Na daɗe ina ganin cika shafi ne kawai sai da na lura da shekarun. An fara jerin Famous Five ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, abinci da kati ake rabawa. Ba a saki alewa ba sai Fabrairun 1953, nama kuma sai Yulin 1954. Yaron da ya karanta waɗannan a lokacin mafarki ake sayar masa. Faɗa wa naka haka, sai ya daina tsallake wuraren. Abin shan da suke kira ginger beer na citta ne mai gas, wanda ake sayar wa yara a shago, sunan ne kawai ke tayar da hankali. Ham da bacon kuwa naman alade ne, ni kai tsaye nake faɗa, mu wuce. Sannan kare. Timmy a kan gadon George yake kwana, yana lasar fuskokinsu, yana cin abin da suka ci. Ranar da muka fara isa wurin 'yata ta yamutsa fuska ta ce, "Baba, a kan gado?" Na ce haka suke yi. Zuwa littafi na biyu, da aka kore shi waje cikin sanyi, ita ce mai share hawaye.

Ga dalilin da na ce tsohon rubutu sai da babba a kusa. Blyton 'yar zamaninta ce da ajinta, har ta ɗara wasu. A tsohon bugun The Island of Adventure baƙar fata ɗaya ne a littafin, bara ne mai suna Jo-Jo, shi ne mugun, kuma yadda ake siffanta shi ba daɗin ji. Daga baya aka mayar da shi farar fata, aka kira shi Joe. A wasu tsofaffin bugun kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata kan faɗo a tsakiyar zance kamar ba komai ba. Mutanen Romani masu yawo da keken doki kusan kullum ƙazamai ne ɓarayi. Baƙon da ke magana da wani harshe abin zargi ne tun kafin ya yi komai. Anne ce mai gyara shimfiɗa da wanke-wanke, George kuma babban yabon da ake mata shi ne ta kusa kai namiji. Ba ni na fara gani ba: a 2016 kwamitin hukumar buga kuɗin Birtaniya ya ƙi amincewa a sa ta a tsabar tunawa saboda irin waɗannan, daga baya kuma English Heritage, mai kula da wuraren tarihi a Ingila, ta ƙara bayanin sukar a shafinta game da ita.

Abin da nake yi shi ne in riga yaro karanta littafin. Ba ya cin awa biyu. Inda kalmar zagi take, ina sa ɗigo da fensir a gefe, in na iso ba na furta ta. Inda kuwa hali ne ba kalma ba, ba na tsallakewa, tsayawa nake yi in yi tambaya. Da muka iso wurin da aka zargi wani yaro ɗan Romani tun ba a ga ya ɗauki komai ba, na rufe littafin a kan yatsana na ce wa ɗana, "Wace shaida suke da ita?" Ya yi shiru, ya ce, "Ba su da ita, kayansa ne kawai suka yi datti." Na ce to Fatty zai yarda da wannan? Ya ce a'a. Ka ga amfanin farawa da Find-Outers ke nan: littafin da kansa ya koya masa tambayar da zai kama marubuciyar da ita.

Shi karatun kansa ba wuya. Babi ɗaya a dare, ba ƙari. Matar ta san aikinta, kusan kowane babi kan ƙare ne daidai lokacin da aka ji motsi a bayan ƙofa. Tsaya nan, ko an roƙe ka. Dare na huɗu ka ce ka gaji, ka mance littafin a kan filonsa. Kada ka riƙa tsayawa a kowace baƙuwar kalma, uku a babi sun isa, sauran labarin zai fassara masa. Saya masa ɗan littafin rubutu, a raba shafi biyu, hagu alamu, dama waɗanda ake zargi. In saura babi biyu a gama, kowa ya rubuta sunan wanda yake ganin shi ne a 'yar takarda, a ninke, a sa a ƙarƙashin kofi. A gidanmu matata ce ke kan gaba a wannan gasar, alhali daga kicin take jin rabin labarin.

A littafi na uku, The Mystery of the Secret Room, Fatty ya koyar da dabaru biyu, kuma lallai yaronka zai ce sai an gwada. Ta farko tawadar ɓoye ce da ruwan lemo. Matse lemo a murfin kwalba, a rubuta da tsinken sakace a farar takarda, a bari ta bushe sarai har ba a ganin komai, sannan a bi ta da dutsen guga mai ɗumi. Haruffan za su fito ruwan ƙasa-ƙasa. Kai za ka riƙe dutsen, kuma kada ka bar shi wuri ɗaya, takardarmu ta farko da rami ta fito. Ta biyu ita ce fita daga ɗakin da aka kulle aka bar makulli a jiki ta waje: ka zura jarida ta ƙarƙashin ƙofa, ka tura makullin da waya ya faɗo a kanta, ka janyo. Ƙofa ɗaya ce a gidanmu mai irin wannan tsohon makullin. Na shiga, ɗana ya kulle ni, na zura jarida, na zungura. Makullin ya faɗo, ya yi tsalle, ya sauka can gefe a kan katako. Ina durƙushe ina leƙe ta ƙasan ƙofa ina ganinsa, su kuma suna ta dariya, sai da uwarsu ta ce a buɗe Baba abinci na hucewa. Bayan dariyar ne na gaya musu a fili cewa bin sawun ɓarawo cikin dare na littafi ne, a waje babba ake kira.

Wata rana yaron zai ce duk iri ɗaya ne. Gaskiya ya faɗa, kuma lokacin Arthur Ransome ya yi. Swallows and Amazons ya fito a 1930, jerin ya kai 12 zuwa 1947. Yara ne da ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska a tafkunan arewa maso yammacin Ingila, wurin da ya haɗa daga Windermere da Coniston. Ba zinariya, kusan ba mugu, tafiyar a hankali take, kuma zai koya maka ɗaurin igiya da kafa tanti ko ba ka tambaya ba. Babi biyar na farko kan kori yara da yawa, ka taya shi haye su. Pigeon Post na 1936 shi ya fara cin lambar yabo ta Carnegie da ake ba litattafan yara, amma wanda ya saba da bincike ka miƙa masa The Big Six na 1940, inda ake kwance jiragen mutane a kogunan Norfolk ana ɗora wa wasu yara laifin. Shi Ransome ɗan jarida ne da ya ga juyin juya halin Rasha da idonsa, har ya auri sakatariyar Trotsky, ɗaya daga jagororin juyin, abin da ba za ka taɓa zata ba in kana karanta yadda ake dafa shayi a bakin tafki. Akwai kuma Malcolm Saville da jerinsa na Lone Pine, guda 20, 1943 zuwa 1978, a wurare na gaske irin tsaunin Long Mynd a Shropshire da garin Rye. Nasa yaran suna ɗan girma, har soyayya ta shigo a na baya-baya, don haka ka san shekarun wanda za ka ba.

In kana Ingila kuma hali ya yi, kai su Dorset. Blyton ta yi shekaru tana zuwa hutu yankin Purbeck, kuma mutane da yawa na ɗaukar kufan fadar Corfe a matsayin asalin ta tsibirin George. Daga Swanage akwai jirgin ƙasa mai tururi da ke kai ka har gindinta. Sojojin majalisa ne suka fasa ta da albarushi a 1646, lokacin yaƙin basasar Ingila, ganuwar na nan a karkace kamar yau aka yi. Sai dai ka gargaɗe su tun a hanya cewa a kan tudu take, ba teku kewaye da ita, don ni ban yi ba, kuma ɗana ya sauko daga jirgi yana tambayar ina za mu sami kwalekwale. Ya yi fushi na minti goma. Daga nan ya ɓace bayan wani bango yana ƙwanƙwasa duwatsu ko zai ji mai rami. Da muka tashi tafiya ya nuna mini littafin rubutunsa. A ɓangaren alamu ya sa murfin kwalba ɗaya da sawun takalmi mai zanen igiya. A ɓangaren waɗanda ake zargi ya sa wani dattijo mai jar hula da ke cin burodi a kan benci.